Katin Wutar da Ya Kai Zulaihat Sallah

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nufe mu da zama gaban Shaihinmu, masani mai tsentseni, wanda fiƙihu da tafsiri suka zauna a ƙirjinsa kamar hatsi a rumbu, Allah Ya haskaka makwancinsa. Mutumin Sanyinna ne, kuma har ya koma ga Ubangijinsa bai yarda an ja wayar lantarki gidansa ba. Ruwan randa yake sha, da fitilar hannu yake duba littafi. Yanzu abubuwa da yawa sun fara kuɓuce mini, har sunayen jikokina nakan haɗa, amma wannan karamar tasa tana nan daram.

A wata shekara, ko wadda aka gyara hanyar kasuwa ce ko wadda ta biyo ta, Shehu ya zo Tambuwal yin tafsirin azumi, aka sauke shi kusa da gidan wata baiwar Allah mai suna Zulaihat. Mijinta Malami ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da firiza irin mai marfi a sama, wadda take daskarar da ƙanƙara da zoɓo a ciki tana sayarwa. Da ita ake cin tuwo a gidan. Sai dai tun da aka sa musu mita mai kati, abin ya zame mata ciwo: ta sa kati ranar Juma'a, kafin Laraba mita ta fara kuka.

Ƙanen mijinta Mudassir, mai gyaran wuta, ya zo ya duba, ya ce firizar ce ke lashe fiye da rabi.

"Matar yaya, wagga aba ba firiza ba ce, raƙumi kika ɗaure cikin ɗaki," in ji shi. "Na samo miki mai saye a Kebbe, jajibirin Sallah shina tafe da mota."

"In ka sayar da ita kai za ka riƙa ciyar da mu? Kai da ko goro sai an matsa maka?"

Ta faɗa da dariya, amma ta amince, don ba ta ga mafita ba. Kafin nan ta yi irin dabarar da ta sani. Al'adar unguwar ce in azumi ya kama, maƙwabta su kawo gorunansu na ruwa da kunu a sanyaya musu don buɗa-baki, ba a karɓar ko sisi. Zulaihat ta ɗauka kowace gora da rabonta a cikin kati, sai ta sallame su duka, har da tsohuwa Na'iya da ta karɓi haihuwar 'ya'yanta. Firiza ta koma kusan wayam, ita kuma tana buɗe ta sau ashirin a yini tana duba ko ƙanƙara ta kama. Mita ba ta daina kuka ba, gaisuwa kuma ta ragu a ƙofar gidanta.

Ran shida ga azumi ta je zauren Shehu bayan azahar, ta durƙusa daga bayan asabari, ta zayyana masa komai. Da ta gama, sai ya tambaye ta:

"Ruwan wa ke cikinta yanzu?"

"Nawa kaɗai, Allah shi gafarta Malam."

"To, shi ya sa take jin yunwa. Ki kira waɗanda kika kora, ki cika ta har baki. Kada a buɗe sai la'asar sakaliya, da bisimilla. Mitar kuma ki daina kallonta, ba ita ke ciyar da ke ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta fito tana lissafi, domin katin da ta sa ranar shi ne na ƙarshen abin da ke hannunta. Duk da haka ta fara da gidan Na'iya. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, ashe kin tuna hanya," sannan ta miƙo gorarta, wadda dama a wanke take. Zuwa magariba firiza ta cika maƙil. Zulaihat ta ɗauko wani tsohon ɗankwali ta rufe fuskar mitar da shi.

Juma'a ta zo ta wuce, mita ba ta yi kuka ba. Wata Juma'ar ta sake zuwa. A goman ƙarshe aka ɗauke wuta kwana biyu cur, masu ƙanƙara a kasuwa suka zubar da ruwa, ita kuwa in ta ɗaga marfi da la'asar sai ta tarar da komai kamar dutse. Kullum hannunta yakan kai ga ɗankwalin nan, ta tuna, ta janye.

Jajibirin Sallah mai saye ya iso daga Kebbe, ƙura har gira saboda hanya. Mudassir ya ce bari ya ga abin da matar yaya take ɓoyewa, ya yaye ɗankwalin. Ya duba lambar, ya sake dubawa. Katin da ba ya kai kwana biyar ya yi kwana ashirin da uku, kuma da saura.

Sai ya ce ai sananne ne, firiza cikakkiya da ba a yawan buɗewa ta fi riƙe sanyi. Na'iya, da ta zo karɓar gorarta, ta ce, "Kai da ka sani, mi ya hana ka faɗi? Kuma sanyin naka shi ka ninka kati sau biyar?" Ni ma abin da nake tambaya ke nan har yau: mutumin da bai taɓa kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa ba, wa ya sanar da shi?

Zulaihat ta ba baƙon Kebbe haƙuri, ta cika masa jarka da ƙanƙara ya yi buɗa-baki a hanya. Ta kuma aika wa Shehu gora mafi sanyi. Ya riƙe ta, ya yi murmushi, ya ce a kai wa ladan, shi randarsa ta ishe shi.

Wannan shi ne Shaihinmu, kuma muna alfahari da mun ɗauki buzunsa. Ya Allah Ka ɗaukaka darajarsa, Ka sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya zukatan maƙwabta, Ka ba mu rabo daga albarkarsa, mu da zuriyarmu. Amin.