Bushiya da Ɗakin da Ya Yi Ƙaura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Bushiya ce mai haƙuri take zaune a bakin kogi da 'ya'yanta. Da ta tashi gini, sai ta kafa gwafanni na itacen ƙirya, ta jera azara a kai, ta ɗaure da igiyar rama. Maƙwabciyarta Gafiya, sarauniyar fankama, ta gina nata da laka, ta yaɓe shi sumul.

Gafiya ta ce, “Yaya Bushiya, wannan ɗaki ne ko tarin makamashi?”

Bushiya ta ce, “Yana dai yi mana sanyi da rana.”

Ana nan, damina ta yi nisa, kogi ya fara lasar bakin ƙofofinsu. Bushiya ta dubi ruwa, ta dubi 'ya'yanta, sai ta hau kwance igiya. Ta sauke azara, ta tuge gwafanni, suka riƙa ja zuwa kan tudu.

Gafiya kuwa ta dafa bangonta, ta ji ya jiƙe yana zubewa. Ta rasa ta inda za ta ɗauke shi. Sai ta juya ga Bushiya ta ce, “Yaya, ni ina zan sa kaina?”

Bushiya ta ce, “Kama min wancan bakin azarar, ƙanwata. Idan mun isa sai mu ƙara gwafa biyu, ɗaki ya ishe mu duka.”

Kafin hadari ya sake haɗuwa, ɗaki ya miƙe a kan tudu, har da kusurwar Gafiya.

Ƙurungus, na ɗora ta kan ɗan ɓera!