Burgu Ya Taya Cuku An Sallama Masa

Ga ta nan, ga ta nanku, tafe take da ƙanshin madara.

Ta zo mu ji ta, ko ma samu na lasa.

To, ku matso. Burgu dai kun san shi, ƙaton ɓeran nan mai aljihu a kumatu. Matarsa Gafiya ce ta samu ciki, cikin kuwa ya zo mata da tsirfa. A kawo tuwo ta kau da kai, a dama fura ta ce tashin zuciya take sa ta. Ita fa cuku take so, busasshiyar madarar nan ta mutanen arewa, in ba shi ba ruwa kaɗai ke wuce maƙogwaronta. Kwana da kwanaki tana kwance, har wuyanta ya koma kamar tsinke. Hankalin Burgu ya tashi ƙwarai, don duk son cikinsa, yana son matarsa.

Ranar kasuwa ta jawo jakar gyaɗar da ta ɓoye tun kaka, ta miƙa masa.

Ta ce, "Maigida, ka yi musaya da wannan. Amma ka ji ni da kyau. Wanda za ka kawo ya zama mai shatin tabarmar da aka shanya shi a kai, in an karya ya ce ƙas. Wanda aka cuɗa da garin rogo, tun daga bakin rami zan jiyo warinsa."

Ya ce, "An gama."

Ya saɓa jaka ya kama hanya. Yana tafe, yana tafe, sai ya ce a ransa, "Bari in fasa ɗaya, kar in kai wa mutane ruɓaɓɓiya." Ya fasa, ya ji garɗi. Ya ce, "Wannan ta sama ce, bari in ji ta tsakiya." Ya ji ta tsakiya. Ya ce, "Saura ta ƙasa." Kafin ya hango rumfunan kasuwa, jakar nan ba komai cikinta sai ɓawo. Ya girgiza ta ya ji tana ƙyas-ƙyas. In ya koma gida, ya ce da Gafiya me?

Ita wannan kasuwa tana da al'ada. Mai saye yana da ɗanɗano kyauta, a gutsura masa gefen cuku ya ji. Daga nan sai ya taya. In tayin bai yi ba, mai kaya ya ce albarka, a rabu lafiya. In kuwa ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, ba tashi. Kare ne sarkin kasuwar, shi ke zagayawa yana tsare wannan doka, kuma tuni ya hana duk mai farce ya kafa rumfa a ciki.

Burgu ya tsaya ya yi tunani, sai ya shafa kumatunsa. Gutsure da gutsure ai cuku ne.

Ya fara da rumfar Akuya. "Inna, a ba ni in ɗanɗana." Ta gutsura masa. Ya jefa a baki, ya tura shi kuncin dama, ya yi ta motsa baki kamar mai tauna.

Ya ce, "Ba laifi. Na saya da ɓawon gyaɗa."

Akuya ta harare shi. "Albarka. Ka ga na yi kama da mai hura wuta?"

Ya wuce wurin Tunkiya. A ba ni in ɗanɗana, ya tura kuncin hagu, na saya da ɓawon gyaɗa, albarka. Ya wuce wurin Raƙumi. A ba ni in ɗanɗana, na saya da ɓawon gyaɗa, albarka. Rumfa bayan rumfa, kumatu suna ta cika, busasshen cuku ya ji yawu ya fara kumbura. Raƙumi ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ƙare masa kallo.

"Kai, me ya samu fuskarka?"

Burgu ya ce da ƙyar, "Hangum ne, Baba."

Ya yi gaba da sauri. Ga tsoron a gane shi, ga wata damuwar da ta fi wannan: duk abin da ya tara ya jiƙe ya zama taɓo, wani ma gari-gari yake ji a harshe. Ina shatin tabarma, ina ƙas? In ya kai wa Gafiya wannan, juya masa baya za ta yi ta ci gaba da ramewa.

Can ƙarshen kasuwa, inda ƙafa ta ɗauke, sai ya ga wani ɗan kasuwa zaune shi kaɗai, ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido. A gabansa ga cuku faffaɗa kamar faifai, fari sol, shatin tabarma kwance a jikinsa. Mai rawani bai jira a roƙe shi ba, ya karya gefe. Cuku ya ce ƙas.

Burgu ya rasa inda zai cusa wannan gutsuren, sai ya haɗiye. Daɗi ya ratsa shi har jela. Bakinsa ya riga ya saba, ya ce, "Na saya da ɓawon gyaɗa."

Mai rawani ya ce a hankali, "Na sallama."

Burgu ya yi sororo. Duk faɗin kasuwar nan wa ya taɓa sallama cuku a kan ɓawo? Ya rungumi cukun zai juya, sai ya ji jelarsa ta ƙi biyo shi. Ya duba ƙasa. Wata ƙafa mai laushi ce ta danne ta, ga farata suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kai, ya ga gashin baki fari dogo ya ɓullo ta gefen amawali. Muzuru ne.

Muzuru ya ce, "Ina za ka ba ka karɓi gyara ba? Gyararka tana bayan rumfa cikin buhu. Zo ka shiga ka zaɓa da hannunka."

Burgu ya fizgi jelarsa, ta ƙi fita. Ya so ya yi ihu, baki cike, sai wani ɗan gurnani ya fito. Ya hango Kare can nesa ya ba da baya. In ya riƙe abin da ke kumatunsa, ba ihu, sai buhu. In ya zubar, duk kasuwa ta ga satarsa. Muzuru ya fara jan jela, ƙasa na tafiya a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Sai ya tofar. Ya tofar da na Akuya, ya tofar da na Tunkiya, ya tofar da na Raƙumi, ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a, ga araha! Cuku mai shati a kan ɓawon gyaɗa, an sallama mini!"

Kun san 'yan kasuwa da araha. Ko a ce an kama ɓarawo ba sa gudu kamar yadda suka ɓarko. Mai ɓawo ya kawo ɓawo, wanda ba shi da shi ya tsinta a hanya. Wannan ya ja cuku, wancan ya ja tabarma, wani ya taka bakin rawani, rawani ya warware. Kare ya iso, ya yi ido biyu da kunnuwan Muzuru. Muzuru ya saki jela ya haye kan rumfa, Kare ya rufa masa baya.

Akuya kuwa ƙasa take kallo. Ta ce, "Wannan taɓon ba cukuna ba ne? Ashe hangum ɗin ke nan."

Kafin su ɗaga kai Burgu ya fizge cukunsa ya yi nisa da shi a ka, duwatsu na bin sa.

Ya iso bakin raminsa yana haki. Ya tura cuku, cuku ya ƙi shiga, ya fi ƙofar faɗi. Da wani ne sai ya karya shi biyu. Burgu ya ce, "Bari in ɗan rage gefen." Ya gaigaya, ya gwada, bai shiga ba. Ya sake zagayawa. A zagaye na gaba ya shiga sarai, amma sai ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya ce bari ya daidaita. Ya daidaita, ya daidaita, har abin da ya rage bai wuce maɓallin riga ba.

Ya shiga da shi a tafin hannu. Gafiya ta buɗe ido da ƙyar, ta shinshina, ta duba ɗan shatin da ya saura. Ta karya, ya ce ƙas. Ta ci. Sai ga ta ta tashi zaune, har da murmushi. Daɗi ya kama Burgu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Kin ga iya ciniki? Mai shi mutumina ne. A kan ɓawon gyaɗa ya sallama mini, har yana roƙona in karɓi gyara."

Gafiya ta lashe yatsa ta ce, "Kai, Allah ya yi masa albarka. Ɗanɗanon ya yi, Maigida, irinsa nake so. Tashi ka koma kafin kasuwa ta watse ka sayo mini cukun, ka karɓo har gyarar."

Ƙurunƙus, kan Burgu da ragowar ɓawo. Wanda aka aika sayen cuku ya ci ya ƙoshi tun a gida, in kuma ya taya aka sallama masa da wuri, ya duba inda jelarsa take.