Latas Ɗin Da Ya Jira Sanyi Ya Wuce

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a Rurum, manomin latas, wanda lambunsa idan ka hango shi sai zuciyarka ta yi sanyi.

Ƙaninsa Lado ya dawo gida daga birni, sana'a ta ƙi, iyali kuma na jiran abinci. Ya durƙusa gabansa ya ce, “Yaya, yaushe ake yafa iri?”

Mutumin ya sani sarai. Latas ɗan sanyi ne, da shigowar sanyi ake yafa shi, a dasa, a cire kafin zafi ya sauko. Amma ya tuna kasuwar Rano, ya hango a ransa kwandon ƙaninsa kusa da nasa, sai ƙyashi ya kama shi.

Ya ce, “Ka bari sanyi ya wuce. Yana ƙona tsiro.”

Lado ya yi godiya har da addu'a. Babban ɗan mutumin, Sadisu, yana zaune yana ji.

Shekarar zaɓe ce. Mutumin ya bi ayarin wani ɗan takara, yau Kibiya, gobe Saji, ya bar wa Sadisu lambu, hankalinsa kwance. Wane ɗa ne zai zaci ubansa ya yi wa ƙaninsa ƙarya? Sadisu ma ya jira sanyi ya wuce.

Zafi ya zo ya tarar da latas bai kai ba. Lambu biyu suka miƙe suka yi kara, suka fitar da fure, ganyen ya yi ɗacin da ba mai iya haɗiya.

Da mutumin ya dawo, a gaban maƙwabta ya rufe ɗansa da faɗa: wane jahili ne yake jinkirta latas har zafi?

Sadisu ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, maganar da ka gaya wa Baffa Lado na bi.”

Lado yana wurin. Kallon yayansa kawai ya yi, ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Tun daga ranar mutumin ya bar sahun gaba, sai an tayar da salla yake saɗaɗowa. Babu wanda ya ƙara tambayarsa komai, har ɗansa.

'Yan uwa, shawara amana ce. Wanda ya ha'inci mai tambaya, ya manta cewa 'ya'yansa ma suna da kunne.

Allah ya kiyaye mu da ƙyashin 'yan uwanmu, ya tsare harsunanmu. Amin.