Bushiyar da Ta Riga Ganga Shuka

Ga ta nan, ga ta nanku, a taɓa mai gyangyaɗi ya tashi.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wani gari na namun daji a bakin wata fadama. Manoma ne, gero suke ci kamar ni da ku. Sarkin Nomansu Gwanki ne, ƙato mai ƙaho, yana tafiya kamar shi ya shimfiɗa ƙasar. Al'adar garin kuwa, ko ruwa ya sauka, ba mai ɗaga sungumi sai ranar da Gwanki ya sa aka buga gangar shuka. Ranar kowa zai fita, a yi shuka tare, a tashi tare.

A garin akwai wata Bushiya, 'yar mitsitsiya, ga taurin kai. Uwarta ta rasu ta bar mata gona da ƙwarya guda ta irin gero, iri mai doguwar zangarniya wanda ba kowa ke da shi ba sai gidansu. In ƙwaryar nan ta ƙare ba a mayar ba, irin ya ƙare ke nan a duniya.

Shekarar nan ruwa ya sauka da wuri. Ƙasa ta jiƙu, ƙamshinta ya cika gari, ganga kuwa shiru. Bushiya ta tafi wurin Gwanki ta durƙusa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ta jiƙu. Me ya sa ba za mu shuka ba?"

Ya ce, "Sai an buga ganga. Haka muka tarar."

Ta ce, "Su waɗanda kuka tarar ɗin, me ya sa?"

Ya ce, "Su ma haka suka tarar."

Ta ce, "To na farkon fa, ranka ya daɗe? Shi wa ya tarar?"

Gwanki ya yi tari, ya gyara rawani, ya ce, "Yarinya, tashi ki tafi gida. Ba a tambayar ganga."

Maganar gaskiya, yara, shi ma bai sani ba. Rawanin ya gada, dalilin bai biyo rawanin ba.

Bushiya na fitowa ta ci karo da Kurege, maƙwabcin gonarta. Shi kuwa ya cinye rumbunsa tun kafin bazara. Sai ya ga in geron Bushiya ya riga na kowa nuna, zai riƙa tsallaka iyaka yana karyar tumu, lokacin da gari ke fama da yunwa.

Ya ce, "Maƙwabciya, na ji abin da aka yi miki. Haba! Gonar wa ce?"

Ta ce, "Tawa."

"Irin fa?"

"Nawa."

"Hannun da zai riƙe sungumin, na Gwanki ne?"

Ta dubi hannunta, ta ce, "Nawa ne."

Ya ce, "To ni dai ban ce komai ba."

Washegari Bushiya ta saɓa sungumi. Tana sara tana jefa iri tana cewa, "Gonata ce, irina ne, hannuna ne." Ta juye ƙwaryar kakaf, ko ƙwaya ba ta rage ba. Da labari ya kai wa Gwanki, ya ce tun da ta raina ganga, kada kowa ya taka mata gona da sunan taimako. Ta ce ta ji, dama ba ta roƙa ba.

Allah da ikonsa ruwa bai yanke ba. Lokacin da aka buga ganga gari ya fita shuka, geron Bushiya ya kai mata wuya, ko da yake wuyan bushiya ba wani nisa gare shi ba. Ta yi noman farko ita kaɗai, ta yi maimai ita kaɗai. Geronta ya fid da kai, na mutane bai ko ɗauki ciki ba. Masu wucewa su tsaya su saki baki, ita kuwa ta ƙara ɗaga hanci. Kurege yana leƙe ta iyaka yana haɗiyar miyau.

Ranar da geron ya fara ido, sai ga tsuntsu ɗaya, ɗan jan baki. Ya sauka, ya ɗanɗana, ya tashi. Da hantsi ya dawo da danginsa, dangin suka kira nasu dangin, har rana ta dusashe. Duk faɗin ƙasar nan babu gero mai ido sai na Bushiya. Suna sauka suna waƙa:

"Wa ya dafa mana da wuri?
Bushiya, Bushiya.
Wa ya kira mu tun ba a kira ba?
Bushiya, Bushiya."

Bushiya ta ce, "Gonata ce, irina ne, hannuna ne." Ta kafa mutum-mutumi ta sa masa tsumma. Tsuntsaye suka sauka a kafaɗarsa suna hutawa tsakanin ci da ci.

Ta ɗaura igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ta rataya fasassun ƙore tana ja suna ƙara. Tsuntsaye suka tashi daga gabas suka sauka yamma. Ta ruga yamma, suka koma gabas.

Ta ɗauki majajjawa tana jifa tana ihu, har hannu ya kumbura, murya ta dishe. In ta kori goma, ɗari su sauka. Ta leƙa iyaka ta ce, "Maƙwabci, zo ka kama mini gefe ɗaya!"

Kurege ya ga tumun da ya ƙwallafa wa rai yana tafiya cikin tsuntsaye, haushi ya kama shi. Ya ce, "Ai gonarki ce, irinki ne, hannunki ne. Ni wa?"

Bushiya ta juya ta dubi gonar. Zangarniya duk ta zama sanda, sai guda ɗaya can tsakiya, wadda ta riga sauran ƙosawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ruga ta karyo karan, ta rungume zangarniyar a cikinta, ta dunƙule a kanta. Tsuntsaye suka yi mata caa. Duk wanda ya kai sara, ƙaya ta soke masa baki. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, yunwa ta murɗa mata ciki, ga abinci a ƙirjinta, amma ko ƙwaya ba ta taɓa ba. Ta ce a ranta, "Ni na jefa irin nan a wannan hali, ni zan fid da shi."

Tana nan dunƙule har geron gari ya fara ido. Tsuntsaye suka ɗaga, kuma da yake gonar Kurege ce a bakinsu, da ita suka fara, suka share ta tas. Daga nan suka watsu cikin gari. Bushiya ta leƙo da ido ɗaya. Sai ta ga taron nan da ya rufe rana ya rarrabu, nan kaɗan, can kaɗan, kowace gona da masu ihunta. Ta ce, "Ashe!" Ta kuma ga tsuntsayen bana sun fi na kowace shekara yawa, ta san wa ya tara su. Ta ɓoye zangarniyarta, ta ɗauki majajjawa da kumburarren hannu, ta shiga gonakin waɗanda suka ƙi taka tata, tana kora har aka yi girbi.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sauka, Gwanki ya hangi Bushiya zaune a ƙofar gida, sungumi a jingine.

Ya ce, "A'a, yarinya, bana ba a fita ba? An dai ji tsoron ganga."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ganga nake jira ba, mutane nake jira. In gero ya nuna tare, tsuntsu rarrabuwa yake. In ya nuna shi kaɗai, shi za a cinye, a kuma kira wa maƙwabta baƙi. Da an gaya mini haka bara, da da kaina zan zauna."

Gwanki ya juya wajen fadawansa ya ce, "Kun ji ko? Abin da nake ta gaya mata ke nan."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Ranar shuka Bushiya ta sussuke zangarniyarta, irin bai cika tafin hannu ba. Ta shuka shi layi biyu a tsakiyar gona, sauran filin ta zuba wake, don wannan kam ba wanda ya isa ya zaɓa mata. Da kaka ta yanki dami guda mai doguwar zangarniya, ta ware iri tun kafin ta kai ko loma baki. Kurege kuwa shekarar nan tonon gyaɗar mutane ya koma, har yau bai daina ba.

Shi ya sa in kun taɓa bushiya take dunƙulewa, tana tsammanin irin kuka zo ɗauka. Ku kuma ku riƙe wannan: abinka naka ne, ka yi tambaya, ka zaɓa da kanka, amma tsuntsu bai san iyakar gona ba. Manya kuma in yaro ya ce me ya sa, a gaya masa, in dai an sani.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In akwai ƙarya a ciki, ku je ku kwance bushiya ku tambaye ta.