Miyar Gayyar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata damina ciyawa ta rufe gonar Gizo har gero ya fara yin ɗorawa. Matarsa Ƙoƙi ta duba rumbu, ta tarar saura 'yar dawar da ba ta wuce tuwo ɗaya ba. Ta ce, "Maigida, a kira gayya. Amma ka sani, tukunya ɗaya gare mu. In ba a gama noman nan gobe ba, babu abin da za mu sake kiran mutane da shi."

Gizo ya ce, "Ki bar mini."

Ƙoƙi kuwa ta daɗe da sanin abin da ke biyo bayan wannan magana.

Gizo ya fita gayyata. Can sai ga shi da tattasai a aljihu. Ya ce, "Jaki zai zo. Ya ce shi tattasai kawai yake ci, a jiƙa, a cire 'ya'yan, a niƙa lukwi, miya ta yi ja ba tare da ta ciji mutum ba. Na ce masa haka muke yi a gidan nan."

Ƙoƙi ta ce, "To."

Ya sake fita, ya dawo da attaruhu. "Biri ma zai zo. Ya ce tattasai abincin marasa lafiya ne. A gasa attaruhu a garwashi, a kirɓa da albasa, ƙamshi ya kai bakin zaure. Na ce masa haka muke yi."

Ƙoƙi ta ajiye muciya. "Gizo, tukunya nawa na ce maka?"

Bai tsaya ba, ya fita na uku. Ya dawo da ƙwarya cike da ƙananan barkono, irin mitsi-mitsin nan. "Zabuwa ta ce a zuba shi duka. Ta ce ko zafi babu, a gabana ta tsince tafi guda kamar gero."

Ƙoƙi ta ce, "Wayyo ni! Zabuwa tsuntsuwa ce, bawan Allah. Yaushe barkono ya taɓa ƙona bakin tsuntsu? Ka tambayi kifi ko ruwa da sanyi mana!"

Gizo ya ce, "Na riga na yi alkawari."

"To ka dafa alkawarin. Miyata ni zan yi."

Da gari ya waye 'yan gayya suka shiga gona. Ƙoƙi ta ɗora miyar kuɓewa, ta sa daddawa da ɗan busasshen kifin da ta ɓoye tun rani, ta sa yaji daidai misali. Ta tafi rijiya. Gizo ya sulale daga gona, wai zai sha ruwa, ya juye tattasai a tukunya, ya ce, "Rabon Jaki ke nan."

Ta dawo ta ga miya ta yi ja. Ta yi tsaki, ta tafi ɗauko itace. Gizo ya sake sulalowa, ya watsa attaruhu. "Rabon Biri."

Ta dawo, atishawa ta kama ta. Ta ce, "Wannan gida!" Ta juya baya tana kwashe tuwo. Gizo ya leƙo ta kan danga, ya kife ƙwaryar barkono duka. "Rabon Zabuwa. Yanzu kowa ya sami nasa."

Ƙoƙi ta riga ta ɗanɗana miyarta tun farko, ba ta sake ba. Da hantsi ta kai abinci gindin kanya. Ta duba gona, an nome rabi cif, har ranta ya yi sanyi.

Jaki ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tsaya cik. Hawaye suka zubo, ya buɗe baki zai yi magana, sai wani irin kuka ya fito wanda har yau bai bar shi ba. Ya jefar da fartanya, ya nufi kogi.

Biri ya yi dariya. "Kai, raggo!" Ya kai tasa lomar. Kafin a ƙifta ido yana kan kanya yana fifita harshe da ganye, yana cewa, "Gizo, Allah ya isa!"

Zabuwa kuwa ta ci, ta ci, ta ɗaga kai. "Ƙoƙi, ba don in ɓata miki ba, amma miyar nan lami ce. Ina barkonon da na aiko? An raina ni ke nan." Ta kakkaɓe fiffike ta yi tafiyarta.

Ƙoƙi ta lakaci miya ta taɓa a harshe. Ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ce, "Ai kowa na sa masa abin da ya ce."

Ta miƙa masa fartanyar Jaki, ta tura masa tukunyar gabansa. "Ga gona, ga miya. Duk naka ne, babu wani abinci a gidan nan."

Gizo ya yi ta noma shi kaɗai, yana cin miyar yana kuka, har ƙugunsa ya tsuke kamar zare. Duk da haka ciyawa ta riga shi, rabin gonar ya tafi. A shekarar nan rabin rumbu suka samu, Ƙoƙi ta sha tafasa da rama har ta gaji.

Tun daga ranar, in ta yi miya sai ta daka yaji ta zuba a ɗan ƙoƙo, ta ajiye gefe, kowa ya barbaɗa gwargwadon bakinsa. Daga wurinta matan duniya suka koya.

To, jikokina, kowa da irin harshensa. Wanda ya ce sai ya zuba son kowa a tukunya ɗaya, shi zai sha miyar shi kaɗai.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, a tambayi Gizo, yana nan bayan randa.