Zomon Inna Delu da Keken Malam Nomau

Ku matso kusa, mai goro a baki ya tofar. Ga wata nan na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke hukunci.

Malam Nomau mutum ne mai haƙuri, in ji shi. Shekara talatin da biyu suna zaune da matarsa Inna Delu ba a taɓa jin kansu ba, sai da zomo ya shigo gidan. Fari ne sol mai jan ido. Ƙanenta ne ya ba ta shi kafin ya rasu, ta raɗa masa suna Ɗanlele. Tun da 'ya'ya suka watse gidajen aure, da shi take hira.

Ana nan sai autarsu ta haihu a Kazaure, Inna Delu ta shirya tafiya wankan jego, kwana arba'in cur. Jakarta na kai ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, ga amana. Harawa da ganyen dankali, ruwa mai tsabta, inuwa kullum. Kada a ɗaga shi ta kunne, kada a yi masa wanka."

"Delu, na yi kiwon shanu goma sha biyu. Zomo ne zai gagare ni?"

"In na dawo ban same shi ba, ka nemi mai tuƙa maka tuwo."

Ai kuwa zomo ya gagara. Makon farko ya cinye gefen tabarma. Na biyu ya datse wayar rediyo ana tsakiyar labarai. Malam Nomau ya ga abin kunya ne baƙo ya kwana a gidansa da abincin jaki, ya ɗebo masa tuwo da miyar kuka, zomo ya shinshina ya juya masa baya. Duk tsakar gida ramuka, har sau biyu Malam yana gurɗe ƙafa a hanyar alwala. Ran kwana talatin da tara ya fito da safe ya tarar da Ɗanlele zaune a kan hularsa ta zuwa Juma'a, ya huda mata taga a tsakiyar kai.

Ya ɗauki hular ya kai ƙara majalisarsu ta gindin darbejiya. Tanimu mai kaji ya ce, "Abu mai sauƙi. Mu in kaza ta dame mu kife ta muke yi." Har gida ya kawo masa aron babban daron ƙarfe. Aka kife zomo a inuwar katanga, aka saka tsinke a baki don iska, aka ɗora dutse, Malam ya koma hira ransa fes. Abin da ba wanda ya tuna shi ne bazara ake ciki, kuma inuwar safe ba ta jiran kowa.

Bayan azahar ya dawo. Daro ya yi zafin da za a toya ƙwai a kansa. Ya ture shi da ƙafa. Babu zomo, sai rami, ramin ma ya rufta daga ciki.

Malam Nomau ya fito ƙofar gida ba hula ba takalmi. "Jama'a! Gobe Delu za ta dawo! Na rantse da Allah, duk wanda ya ceto min zomon nan da rai, kekena ya zama nasa!"

Keken nan kuwa ba a wasa da shi: baƙi, mai ƙararrawa biyu da madubi, ko ɗan cikinsa bai taɓa hawa ba. Mutum uku suka tashi daga majalisa suka bi shi.

Na farko Sallau ne, tsohon mafarauci, wanda ya ci zomaye fiye da gashin gemunsa. Malam ya riga ya ɗauko fartanya zai tone tsakar gida kaf. Sallau ya riƙe ta, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ya durƙusa, ya murza ƙasa a yatsa, ya bi da tafin hannu yana bubbugawa, ya kara kunne. Ya wuce ramuka bakwai bai ko kalle su ba. Ya ce dabbar da zafi ya koro sanyi take nema, kuma sanyin gidan nan duka yana gindin randa. Taku uku daga daron ya dangwala sanda a jikin tsohuwar katangar madafa, inda randar Inna Delu take zaune. "Yana nan ƙasa, kamu ɗaya. Da sauran numfashi, amma ba yawa." Ba don Sallau ba, da har magariba ana tonon banza.

Na biyu Mantau ne, mai haƙa rijiya. Ya dubi katangar ya ce in aka sara daga sama, ƙasa za ta danne zomo, katanga ta danne mai sara. Ya tuɓe riga, ya tokare bango da azara, ya kwanta rubda-ciki ya fara daga gefe. Da ludayin miya ya yi tonon, daga baya da farce. Ƙasa na zubo masa a ƙeya, bango na tsagewa, Malam na tsaye yana salati. Da ya zura hannu har kafaɗa ya ji gashi, bai ja ta kunne ba, ya tallabo ƙirji ya zaro shi a hankali. Ba don Mantau ba, da ramin ya zama kabari. Sai dai garin miƙewa ya bangaji azarar, gefen katanga ya zubo, randar da Inna Delu ta zo da ita tun ranar aurenta ta dare gida biyu.

Zomo ya fito laƙwas, ido a lumshe, kunnuwa zafi zau. Sallau ya duba, ya zaro wuƙa daga ƙugu. "Malam, juya shi gabas. A yanka kafin ya zama mushe, ko romo a samu."

Malam Nomau ya kamfato ruwa a bokiti zai tsoma shi ciki.

A nan na uku ya shiga tsakani, Tanimu mai kaji, mai daron nan dai. Ya buge hannun Sallau, ya ture bokitin. Shekara ashirin yana kai kaji kasuwa cikin rana, ya san suma ya san mutuwa, kuma ya sha ganin Inna Delu tana jiƙa wa zomon kunne in zafi ya tsananta. Ya yage aljihun rigarsa ya jiƙa, ya riƙa shafa kunnuwan kaɗan-kaɗan. Ya miƙa wa Malam mafici ya ce ya yi ta fifita, kada ya kuskura ya tsaya. Ya ɗiga masa ruwa a gefen baki da tsinken tsintsiya, ɗigo bayan ɗigo, yana shafa cikin da yatsa biyu. Har aka yi la'asar suna haka, hannun Malam ya sage. Can sai hanci ya motsa. Tanimu ya kai masa ganyen dankali, ya ja ya tauna. Jim kaɗan ya zubo kashi ƙwaya shida a cinyar Malam, kuma dattijon da ya yi kiwon shanu goma sha biyu ya ƙirga su ɗai-ɗai yana hamdala. Ba don Tanimu ba, da an yi romo.

Washegari Inna Delu ta sauka. Ta dubi katanga, ta dubi randa, ta dubi hula mai taga. Ta ɗauki Ɗanlele ta duba kunnuwansa, ta ce ya rame.

A ƙofar gida kuwa mutum uku na riƙe da keke ɗaya.

Sallau ya ce shi ya gano shi. Mantau ya ce, "Ka gano shi don ka ci shi!" Mantau ya ce shi ya fito da shi, da ransa a ƙarƙashin bango. Tanimu ya ce, "Ka fito da shi, ka shigar da rana madafa. Ina randa?" Tanimu ya ce shi ya dawo da numfashinsa. Su biyun suka haɗa baki, "Daron wa?"

Malam Nomau ya leƙa ciki. "Delu, don girman Allah fito ki raba mu."

"Ni na yi rantsuwa? Ni randata nake jira."

Rantsuwa dai ta hau kansa, keke ba ya rabuwa uku, kuma tun jiya Malam bai ga tuwo ba. Yana tsaye yana share gumi, Ɗanlele ya sulale ta zaure ya kama tayar baya yana gwada haƙori.

To jama'a, kafin zomo ya gama da tayar nan: wanda ya gano shi ya zare masa wuƙa, da wanda ya tono shi ya fasa randa, da wanda ya farfaɗo da shi bayan shi ya kawo daron, wa Malam Nomau zai miƙa wa keken?