Ɗakin da Mailafiya Ya Gina a Hanyar Ruwa

Akwai wani magini mai suna Mailafiya, mutumin Gwarzo, da ya zo aikin Hajji a ƙafa tare da mahaifiyarsa Hadijatu. Bayan Hajji suka yi zamansu a Makka. A shekarun 1960 ne, lokacin da Hausawa marasa takarda ke kafa bukkokin gwangwani a jikin duwatsun bayan unguwar Utaibiyya.

Mailafiya ya iya gini, kuma ya san ya iya. A nan gizo ke saƙar.

Doguwar tafiya ta kashe ƙafafun Hadijatu, ba ta iya tashi. Da ya ga wani fili a gindin dutse, shimfiɗaɗɗe, yashi fari tas, sai ya ce nan zai yi mata ɗaki irin na gida.

Wata tsohuwa, Hure, mai sayar da hatsin tattabaru, ta sauko ta same shi yana jera tubali.

Ta ce, "Ɗana, nan hanyar sel ce, ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. Na zauna bakin teku can gefen Jidda, guguwa ta cinye mana ƙauye a yini ɗaya. Tun ranar nake tsoron wurin da ruwa ya share."

Ya yi dariya. "Inna Hure, a garinmu da ciyawa ake gane hanyar ruwa. Nan ko tsinke babu."

"To ka kawo Hajiya wurina a sama, mu zauna tare."

"Uwata a cikin gwangwani? Halas, ya isa, Inna, a bar maganar."

Ya gama ɗaki, ya shafe shi, ya kwantar da ita ciki. Shekara biyu lafiya lau.

Wata rana da hantsi yana aiki a unguwar Zahir, iska ta taso, hadari ya yi baƙi a kan duwatsu. Ya jefar da kayan aiki ya sheƙa da gudu. Ko da ya iso, ruwa ja ne ke wucewa ɗauke da katako da awaki. Ɗakin babu shi, bukkokin ƙasa goma sha ɗaya su ma sun tafi.

Sai bayan kwana biyu aka ga gawar Hadijatu.

Bai yi kuka ba. Aka yi jana'iza, ya dawo ya zauna a kan dutse yana kallon yashin. A ba shi abinci ya ci, a hana shi ba ya tambaya. Ana yi masa gaisuwa, yana amsawa kamar ba tasa ba ce.

Mutane suka kira gayya, mata na ɗebo duwatsu, maza na miƙe gwangwani da guduma. Amma duk bangon da suka ɗora sai ya zube.

Hure ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ran kwana bakwai ta ɗauko dutse ɗaya ta ɗora masa a cinya.

"Yalla, tashi ɗana. Mutane na kwana a fili, kuma kai ne magini."

Ya miƙe. Ɗaki goma sha ɗaya ya gina da dutse, can sama. Shi kuwa ya rakuɓe a wata bukkar gwangwani kusa da ta Hure.

Bayan shekara uku wani sabon zuwa, Sabo, ya zo da igiya yana awon filin nan. Mailafiya ya sauko a hankali.

"Ɗan'uwa, nan hanyar sel ce."

Sabo ya yi dariya. "Haba Baba, wurin da ko ciyawa babu?"

Mailafiya ya nuna masa ƙasa.

"Daidai inda ka kafa turken nan gadon uwata yake."

Sabo ya cire turkensa, ya naɗe igiya, ya bi shi suka hau dutse.

Darasi: Ƙwarewarka ta garinku ba ta san ƙasar wasu ba. Idan wanda ya riga ka shan wuya ya gargaɗe ka, ka saurara, domin girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai awon fili yanzu haka.